Hancin da Ba Ya Daina Maiƙo: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Sakkwato

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙorafin maiƙon hanci yana yawa a bakin 'yan mata da samari, har da magidanta. A wanke fuska da asuba, kafin hantsi hanci ya fara ƙyalli. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan damuwa, tare da amsoshinsu.

Me ya sa hancina ne kaɗai ke naso, kumatuna kuwa lafiya lau?

A cikin fata akwai wasu ƙananan jakunkuna masu haɗa mai, kowace tana buɗewa a cikin ƙofar gashi. Ba a rarraba su daidai a jiki ba. Tafin hannu da tafin ƙafa ba su da ko ɗaya, amma goshi da hanci da haɓa cike suke da su, kuma na hanci sun fi girma. Shi ya sa ƙofofin fatar hanci suka fi fitowa a madubi.

Abin da ke tunzura su shi ne sinadaran balaga, musamman testosteron, wanda maza da mata duka suke da shi, sai dai na maza ya fi yawa. Akwai gado kuma: idan mahaifinki ko mahaifiyarki sun yi fama da fuska mai maiƙo, ba abin mamaki ba ne ki gaje su. Zafi yana ƙara gudun man a kan fata, gumi kuma yana shimfiɗa shi, sai ƙyallin ya ninka. Man nan yana da aikinsa, shi ke hana fata bushewa da tsagewa. Yawansa ne kawai ke damun mutane.

Baƙaƙen ɗigon da ke kan hancina datti ne? Kullum ina gogewa da soso amma suna nan.

Ba datti ba ne, kuma soso ba zai kai inda suke ba. Iri biyu ne, ana yawan haɗa su.

Na farko ƙanana ne, launin toka-toka ko ruwan ɗorawa, a jere ko'ina a kan hanci, ba su tasa ba. Waɗannan man ne kawai da ke kwance a cikin ƙofar gashi yana jiran fitowa, kusan kowane baligi yana da su. Kamar rijiya ce mai ido: ki kwashe yau, ta sake kawowa. Ko an fitar da su tas, cikin 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni sun dawo.

Na biyu sun fi girma, sun fi baƙi, ɗaiɗai suke, wani lokaci ana jin tudunsu da yatsa. Waɗannan ƙofa ce ta toshe da mai da matattun ƙwayoyin fata, saman toshiyar ya haɗu da iska ya yi baƙi. Su ne ke buƙatar magani. Na farkon ana iya rage fitowarsu, amma duk wanda ya ce zai sayar miki da abin da zai kawar da su har abada, kuɗinki yake so.

Sau nawa ya kamata in wanke fuska? Alwala ba ta ƙara matsalar?

Da sabulu, sau biyu a yini ya isa: da safe da kuma kafin kwanciya. Idan ka yi aikin gumi sosai ko ka dawo daga ƙwallo, ka ƙara na uku. Alwala ruwa ne zalla, ba ta cutar da fata, a lokacin zafi ma tana sauke gumi da ƙura. Abin da ke cutarwa shi ne ɗaukar sabulu a duk alwala, sau biyar ko shida a yini. Fatar za ta bushe, ta fara zafi da saɓa, jakunkunan man kuwa suna can ƙasa suna aikinsu ba su san ana yi ba. Sai mutum ya wayi gari da hanci mai maiƙo kuma mai saɓa a lokaci guda.

Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan ko na randa. A wanke da tafin hannu, a tsane da tawul mai tsabta ba tare da dirzawa ba.

Sabulun salo fa? Kakata ta ce babu kamarsa.

Hajiya tana da gaskiyarta, sabulun salo yana cire maiƙo sosai. Matsalar ita ce ƙarfinsa. Da toka da mai ake yinsa, don haka yana da kaifi irin na kanwa, alhali lafiyayyar fatar fuska tana da ɗan tsami-tsami, wajen 5 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami da kaifi, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami, babba kuma kaifi irin na kanwa), sabulun gargajiya kuwa yakan kai 9 ko 10. Kuma kowane mai haɗawa da hannunsa: na wannan ƙullin ya yi laushi, na gaba ya ƙona fuska.

Idan fatarki ta saba da shi ba ta ƙorafi, ki yi kumfarsa a hannu ki shafa, kada ki goga dunƙulen a hanci, kada kuma ki bar shi ya bushe a fuska. Idan bayan wanka kina jin fatar ta ɗaure kamar za ta tsage, ya yi miki ƙarfi. Ki koma sabulun ruwa na wanke fuska mara ƙamshi. Sabulun wanki da omo kuwa ba su da hurumi a fuska ko kaɗan, duk da na san akwai samarin da ke yi.

In na matse hancin, wani farin abu yana fitowa, sai in ji daɗi. Akwai illa?

Akwai. Baƙar fata tana da saurin yin tabo: duk inda aka ji mata rauni, ko da ɗan kumburi ne, sai ta tara launi a wurin. Tabon matsa na iya ɗaukar watanni kafin ya dushe, rana kuma tana ƙara masa duhu. Yawan matsa yana iya fasa ƙofar ta ciki, abin da ke ciki ya bazu a nama, ƙaramin ɗigo ya koma ƙurji mai ruwa.

Akwai wani dalilin da likitoci ke ja wa mutane kunne a kan hanci musamman. Jijiyoyin jinin da ke kewayen hanci da leɓen sama suna da hanyar da ta haɗu da wasu manyan jijiyoyi a cikin ƙoƙon kai. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ƙwayar cuta daga marurun da aka matse a nan tana iya bin wannan hanya. Maruru mai zafi a hanci, a bar wa asibiti.

To wane magani ne yake aiki da gaske?

Akwai kaɗan da aka daɗe ana amfani da su, kuma ana samunsu a manyan kyamis na cikin gari. Abin dubawa shi ne sinadarin da aka rubuta a bayan kwalba, sunan kamfani da kyan kwali ba su ne magani ba.

Salisilik asid, kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari. Wannan ne na fi ba mai maiƙon hanci shawarar farawa da shi, domin yana narkewa a cikin mai, don haka yana iya shiga cikin ƙofar ya sassauta toshiyar. Yana zuwa a sabulun ruwa ko a ruwan shafawa. A fara da sau biyu ko uku a mako, in fata ta karɓa a ƙara.

Nayasinamaid, kashi 2 zuwa 5. Wani nau'in bitamin B3 ne. Yana ɗan rage naso, yana taimaka wa tabo ya dushe, kuma ba ya faɗa da yawancin fatu. Waɗanda aka rubuta kashi 10 ko fiye ba lallai su fi aiki ba, sun dai fi sa ƙaiƙayi.

Adafalin, kashi 0.1. Wannan dangin bitamin A ne, shi ne mai ƙarfin cikinsu wajen hana ƙofofi toshewa. A Amurka tun 2016 aka yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Da dare kawai ake shafa shi, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, a kan busasshiyar fata, a kauce wa lungun gefen hanci inda fatar ke da laushi. Makonnin farko fata na iya bushewa ko saɓa, har ƙuraje su ɗan ƙaru. Mai ciki ba ta amfani da shi.

Benzoyil feroksaid, kashi 2.5 zuwa 5, na masu jajayen ƙuraje ne, ba ya rage maiƙo sosai. A kula, yana cin launin tufafi: zai ɓata gyale, hula da rigar matashi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne gaggawa. A sayo uku rana guda, a shafa su tare, fuska ta ƙone, a ce maganin jabu ne. Ko a yi kwana biyar ba a ga canji ba a jefar. Ɗaya ake ɗauka, a ba shi mako 6 zuwa 8, adafalin ma har mako 12. Kuma duk wanda ke amfani da waɗannan a ranar Sakkwato yana buƙatar man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama, mara maiƙo. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma guji kayan da aka baje a rana a bakin kasuwa, domin zafi yana kashe ƙarfin wasu sinadaran.

Da hunturu kumatuna suna fari fat suna tsagewa, hancina kuwa yana nan da maiƙonsa. In shafa basilin ko in bari?

Ki raba fuskar gida biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse ruwan fata, kumatu da leɓe su suka fi shan wahala. Su ki ba su basilin ko man kaɗanya da dare. Hanci da goshi kuwa mai ruwa-ruwa mara nauyi ya ishe su, irin wanda ke da gilisarin, a shafa tun fata na da ɗan danshi.

Basilin shi kansa ba ya shiga ƙofar gashi, amma a kan hanci mai naso yana riƙe ƙurar hunturu da gumi, ya ƙara ƙyalli. Man kwakwa ya fi shi toshe ƙofofi, a bar shi ga ƙafa da gashi. A wannan lokacin kuma a rage yawan salisilik asid da adafalin, abin da fata ta jure a damina ba lallai ta jure shi a Janairu ba.

An ce lemun tsami da makilin suna busar da maiƙo.

Suna busarwa, su kuma ƙona. Ruwan lemun tsami yana da tsami mai ƙarfi, kuma akwai sinadari a cikinsa da ɓawonsa wanda in ya haɗu da hasken rana yake ƙona fata ya bar baƙin shaci. Makilin na haƙori ne. Kanwa, toka da sifirit duk layinsu ɗaya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Cikin kayan gida, zuma ba ta da wata illa ga yawancin mutane, sai dai ba ta rage naso. Yumɓun shafa fuska da ake sayarwa a gwangwani, irin su kawolin da bentonait, yana tsotse mai na ɗan lokaci. Sau ɗaya a mako, a hanci da goshi kawai, minti goma, a wanke kafin ya bushe ƙarau.

Wata mai haɗa mai ta ba ni wani haɗi. Fuskata ta yi haske ta yi sumul, amma yanzu ƙuraje sun feso min a hanci da haɓa, in na daina shafawa kuma sai ƙaiƙayi. Me ke faruwa?

'Yar'uwa, alamun da kika lissafa sun yi kama da na man da aka zuba wa sitiroyid, irin su kulobetasol ko betametason. Magunguna ne na gaske, likitoci suna ba da su ga wasu cututtukan fata na ɗan taƙaitaccen lokaci, amma masu haɗin bilicin suna zuba su saboda suna kwantar da kumburi su haskaka fata cikin 'yan kwanaki. Makonnin farko kowa na yaba fuskar. Bayan nan fata ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi su bayyana, ƙuraje iri ɗaya su feso, wani lokaci har gashi ya tsiro a fuska. In an tsaya kwatsam sai fatar ta yi bore da zafi da ƙaiƙayi, mutum ya koma wa man, haka za a yi ta zagaye.

Sau da yawa a cikin haɗin akwai haidurokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi yake haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ke da wuyar magani. Wasu ma har da sinadarin makuri, mai lahani ga ƙoda. NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka.

Kada ki sayi wani haɗin don gyara wannan. Ki ɗauki robar man ki tafi da ita wurin likita, a tsara miki yadda za ki janye a hankali. Ki shirya wa 'yan makonni marasa daɗi kafin fatar ta dawo hayyacinta. Duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko daga hannun wa ya fito, bai cancanci fuskarki ba.

Ƙosai, ƙuli-ƙuli da soyayyen nama ne ke sa hanci maiƙo?

Man da aka ci ba ya bi ta jini ya fito a hanci, jakunkunan fata su ke haɗa nasu. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne alaƙar ƙuraje da abincin da ke ɗaga sukarin jini da sauri, kamar lemun kwalba, farin burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, sai kuma madarar shanu ga wasu mutane. Wannan ba dalili ba ne na haramta wa kai fura da nono. In kana zargin wani abinci, ka bar shi wata guda ka gani da idonka. Mai suyar ƙosai ko masa dai tana da nata dalilin na daban, domin tururin mai yana sauka a fuska, ta wanke in ta tashi daga kasko.

Shan ruwa da yawa wajibi ne a zafin nan, amma ba ya rage maiƙon hanci.

Ina yin kwalliya, kafin a kai wurin biki hodar hancina ta narke. Ga niƙabi kuma.

Laifin yakan zama na yawan abin da aka shafa a ƙasa. A hanci, komai ya zama siriri: mai kaɗan, a jira ya shige, fandeshan mara maiƙo kaɗan, sannan hoda. Idan naso ya taso, kada ki ɗora hoda a kansa, za ta cakuɗe ta toshe ƙofofi. Ki dafa tishu a wurin, ki ɗaga ba tare da gogewa ba, sannan ki ƙara hodar. Soson hoda a riƙa wanke shi duk mako, kuma kada a yi aronsa a gidan biki.

Niƙabi da takunkumi suna tara zafi da numfashi a kan hanci. Na auduga ya fi na leda-leda, a kuma sami biyu ko uku ana canzawa ana wankewa. Kwana da kwalliya kuwa, ko an dawo daga biki ƙarfe ɗaya na dare, a daure a wanke.

Bikina saura wata guda. Dilka za ta gyara min hancin?

Dilka tana cire matacciyar fata ta sa jiki sulɓi, amma ba ta taɓa jakunkunan mai. A fuska a bi a hankali, a ce wa mai gyaran jiki kada ta dirje hanci, a kuma tambaye ta abin da ta zuba a haɗin. In kina shafa adafalin, ki tsaya aƙalla mako guda kafin dilka ko halawa, in ba haka ba fata na iya ɗayewa. Kuma wata guda kafin biki ba lokacin gwada sabon magani ba ne.

Ni ɗan kabu-kabu ne, yini nake a rana tsakanin Mabera da Babbar Kasuwa. Ba ni da kuɗin waɗannan kwalabe.

Ɗan'uwa, naka mai sauƙi ne. Sabulun wanka mai laushi safe da dare. Hankici biyu masu tsabta a aljihu, kana dafawa, a wanke su kullum. Kada ka share fuska da tsumman goge mashin ko hannun da ya taɓa baƙin mai. Man gashi mai nauyi yana gangarowa da gumi zuwa goshi da hanci, ka rage shi. In kuɗi ya samu, sabulun ruwa mai salisilik asid guda ɗaya zai yi maka watanni, tunda kaɗan ake ɗiba.

Tabarau na yana ta zamewa.

Ki wanke wurin da ke zama a kan hanci da ruwan sabulu kullum, ki bar karan hancin ba mai, ki ɗan shafa hoda. In ya ci gaba, masu gyaran tabarau suna iya matse shi.

Gefen hancina yana saɓa yana ƙaiƙayi, wurin har ya fi sauran fuska haske. Bushewa ce?

In saɓar tana da maiƙo-maiƙo, kuma akwai irinta a gira, bayan kunne, gemu ko fatar kai, da alama dangin amosanin kai ne ya sauko fuska. Wani naman gwari ne da ke rayuwa a fatar kowa yana cin mai, a wasu mutane fata takan yi masa bore. A baƙar fata yakan bar wurin da haske maimakon ja. Ƙara mai ba ya magance shi, man zaitun ma ciyar da shi yake. Maganin da aka saba bayarwa shi ne ketokonazol kashi 2, na shafawa ko na wanke kai. Yana lafawa ya dawo, musamman da sanyi ko lokacin gajiya da damuwa. Gara ma'aikacin lafiya ya duba kafin a fara, domin akwai wasu cututtukan da ke kama da shi.

Ina da juna biyu, maiƙon ya ƙaru. Me zan iya shafawa?

Canjin sinadaran jiki ne, haka wasu ke gani kafin al'ada ma. Ki tsaya a kan wanki mai laushi, tishu da man kariya daga rana. Ki ajiye adafalin, tiretinoyin da duk dangin bitamin A na shafawa, da mayukan bilicin. Ƙwayar aisotiretinoyin, wadda ake ba masu ƙuraje masu tsanani, tana nakasa jariri a ciki, ko mai shirin ɗaukar ciki ba ta shan ta. Duk abin da kike shafawa ki nuna a wurin awo.

Ɗiyata shekararta 11, hancinta ya fara ƙyalli. Ba ta yi ƙanƙanta ba?

A'a, Hajiya. Jakunkunan man sukan fara farkawa tun kafin sauran alamun balaga su bayyana, kuma hanci da goshi ne kan gaba. Ki koya mata wanke fuska sau biyu da barin matsa. Kada a fara mata mayukan manya, kada kuma 'yan gida su mayar da abin abin tsokana, yara masu wannan shekarun suna riƙe magana.

Zai taɓa dainawa?

Yana raguwa da shekaru. Ya fi yawa daga balaga zuwa shekaru ashirin da wani abu, a mata yana sauka sosai bayan ɗaukewar al'ada, a maza kuwa yakan daɗe.

Yaushe ne ya kamata in bar gwaje-gwaje in tafi asibiti?

Idan ƙuraje suna da girma da zafi ko suna barin rami. Idan an yi wata uku ana bin magani yadda ya kamata ba canji. Idan fatar hanci ta fara kauri tana yin gudaji-gudaji. Idan akwai wani ƙurji ko gyambo a hanci da ya ƙi warkewa ko yake zubar da jini. Ga mace, idan maiƙo da ƙuraje sun zo tare da rikicewar al'ada, gashi a haɓa ko ƙiba ta farat ɗaya, domin wannan na iya zama matsalar sinadaran ƙwan mace, wadda mai na shafawa ba zai gyara ba. Kumburin hanci mai zafi da ya zo da zazzaɓi, ciwon kai ko kumburin ido kuwa ba ya jiran gobe.

A cikin gari ana iya farawa daga Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemi a tura mutum wurin likitan fata. Wanda ke ƙauye ya fara da asibitin da ke kusa da shi ya karɓi takardar turawa. A tafi da duk sabulai da mayukan da ake shafawa a cikin leda, har da na haɗin, kuma ranar a je da fuska ba kwalliya.